Ina zomayenku suke kwana, kuma yaushe kuke ba su abinci?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, tun asuba raina a jagule yake. Wata uku ke nan da kawun yarana ya kawo wa Sadik zomaye biyu, mace da namiji, farare masu jan ido. Ba don yanka ko sayarwa muke kiwon su ba, yaron ne ya ƙwallafa rai a kansu, ko makaranta zai tafi sai ya tsuguna ya yi musu sallama. A tsakar gida suke yini, da daddare mu kife su da babban kwando a gindin darbejiya, mu ɗora bulo a kai. Yau na fito alwalar asuba na tarar an ture kwandon. Namijin babu shi, sai gashi da ɗigon jini har bakin rariya. Macen na same ta a bayan randa ta maƙure, kuma har yanzu da nake rubutun nan ba ta sa komai a baki ba. Shi ma Sadik ya ƙi karyawa.

Ina ya kamata ta riƙa kwana? Abincin kuma fa? Mu da safe muke zuba musu dusa da ragowar ganyen kabeji, shi ke nan sai washegari. A Kano nake, ga sanyi ya fara sauka.

Baba Mai Zomaye:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri 'yata, ki rarrashi yaron. Idan gidan da katanga kuma ƙofa a rufe take, to muzuru ne, ko tunku idan kuna kusa da kango ko fili. Ki sani abin da ya ɗanɗana jiya zai dawo yau, don ya ga wuri. Daren nan kada ta kwana a waje ko da a ƙarƙashin me.

Malamin Dabbobi:
Hajiya, mu ajiye maganar ɗaki tukuna, wadda ta rage ɗin ita ce abin gaggawa. Zomo ba kamar akuya ko kaza ba ne da za su yini ba ci su wartsake. Hanjinsa sai abinci yana bi ta ciki yake aiki. Idan ya yi kamar awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, hanjin na iya tsayawa, iska ta taru a ciki, kuma zomo ba ya iya amai balle ya rage. Firgita kaɗai tana jawo wannan.

Ki sa ta a kwali mai faɗi, ki kai ta ɗakin da babu hayaniya, ki hana yara ɗaga ta. Ki ajiye mata ruwa a kasko da ganye mai ƙamshi da ta saba da shi, ganyen karas ko na dankalin Hausa. Ki shafa jikinta a hankali ki duba ko akwai rauni a ƙarƙashin gashi, musamman wuya da cinya, domin haƙorin kyanwa ƙaramin huji yake yi, ba ya nunawa sai ya yi ƙurji. Idan har Magariba ba ta ci ba kuma ba ki ga kashi a kwalin ba, ki kai ta asibitin dabbobi.

Ɗan Autan Mama:
Anti ki fasa kafso ɗin amoksisilin a ruwa ki ɗura mata, haka nake yi wa kajina in sun yi sanyi.

Malamin Dabbobi:
A'a ƙanina, kada ta kuskura. Abin da ya yi wa kaza daidai yana iya kashe zomo. Amoksisilin da ampisilin da danginsu, idan aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa, masu cutarwa su samu fili, sai zawo, sai mutuwa. Na sha ganin wannan. Kowane magani za a ba zomo, a bari likita ya zaɓa.

Ɗan Autan Mama:
Wallahi ban sani ba Malam. Na gode da gyara.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai. Na duba ta, babu rauni. Na sa ta a kwali a ɗakin ajiya. Yanzu Sadik ya zo da gudu yana cewa ta ja ganyen karas guda ɗaya.

Baba Mai Zomaye:
Alhamdu lillahi. To bari in yi maganar abinci, don nan ne kuskuren ya fi yawa, kuma ba ke kaɗai ba ce. Mutane suna ɗaukar zomo kamar kaza: a watsa hatsi da safe, da Magariba ta shiga akurki ta kwanta. Zomo a juye yake. Ki lura da shi da tsakar rana, zai miƙe a inuwa yana lumshe ido, ko kin kawo masa abinci sai dai ya ɗan taɓa. Daga La'asar sakaliya zuwa bayan Isha'i yake farkawa sosai, sai kuma gabanin asuba zuwa hantsi. Mafi yawan cinsa a tsakanin nan ne. Ke nan idan kin ba shi da safe kaɗai, kin ba shi a lokacin da zai kwanta, kin kuma kulle shi da yunwa a lokacin da cikinsa yake nema.

Ni fiye da shekara talatin ina wannan kiwo, ga yadda nake yi. Bayan sallar asuba in zuba musu dusa kaɗan, wadda na yayyafa wa ruwa don kada ƙurarta ta shige musu hanci, in canza ruwan sha. Da rana ba na damun su. In na dawo daga Magariba sai in kai babban abincin: harawar gyaɗa ko ta wake mai yawa, wadda na tabbata za ta kai su safe har ta yi saura, da ɗanyen ganyen da na yanko tun hantsi na baza a inuwa ya sha iska. In da safe na ga babu ko tsinke a kejin, na san na yi musu ƙwauro, gobe sai in ƙara.

Hajiya Mai Lambu:
Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara shi ne kabejin nan. Ba haramun ba ne gare su, amma a mayar da shi abincin kullum yana kumbura musu ciki. Ni ina da lambu a bayan gida, abin da nake ba nawa: ganyen dankalin Hausa, zogale, ganyen gwanda, ganyen ayaba, yaɗiya, da ciyawar da na cire a fangali. Karas ɗin kansa da ɓawon kankana ɗan taɓawa ne kawai, zaƙi ya yi musu yawa. Abin da ba na bari ya kusance su: tumfafiya, zaƙami, ganyen zurma, ganyen tumatir da na dankalin Turawa, albasa da tafarnuwa. Kuma sabon ganye, ko mai kyau ne, kaɗan-kaɗan ake farawa.

Da damina kuma a yi hattara da ciyawar bakin hanya da bakin gona. Yanzu kowa feshi yake yi. Wata shekara yaron da ke yanko min ciyawa ya kawo daga gonar da aka fesa wa maganin ciyawa kwana ɗaya kafin nan, ba mu sani ba, na zuba da daddare, da safe na kwashe gawa huɗu. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Ummu Hanan:
Ni fa abin da ya ɗaure min kai shi ne ruwa. Tun muna yara ake ce mana zomo ba ya shan ruwa, in ya sha ma mutuwa yake. Kakata ta yi kiwon su shekaru ba ta taɓa ajiye musu ruwa ba.

Malamin Dabbobi:
Wannan magana ta kashe zomaye da yawa, Ummu Hanan. Na Kaka sun rayu ne saboda ɗanyen ganye suke ci safe da yamma, ruwan da ke cikin ganyen yana ɗan riƙe su. Amma wanda yake cin harawa da dusa, a wannan iskar hunturu da ke busar da leɓe, dole ya sha. Zomo mai nauyin kilo biyu yana iya shan kusan kofi guda a yini, mai shayarwa kuma ta ninka haka. Kuma da yake da dare yake ci, da dare yake sha. A sa a kasko mai nauyi ko a ɗaure gwangwanin da waya, don suna kifar da shi.

Ummu Hanan:
Ikon Allah. To ai kuwa yanzu zan tashi in zuba wa nawa.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum jama'a. Game da wurin kwana, ni ban yarda da kejin nan da kowa ke yabo ba. Mu nan yadda munka gada, ɗaki ake ware musu na ƙasa, a bar su su gina ramunansu. Zomo ɗan rami ne. Cikin rami babu zafi, babu sanyi, uwa ta haihu ta toshe bakin ramin da ƙasa, ba ka ganin ɗiyan sai sun yi gashi sun fito da kansu. Mu da muke ganin zafin da ya wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, in ka sa zomo cikin keji ƙarƙashin kwano ai gasa shi ka yi. Na gwada, ban ji daɗi ba, na koma ma ramina.

Baba Mai Zomaye:
Malam na Maraɗi, maganarka akwai gaskiya, ni ma da rami na fara. Amma ramin nan shi ya raba ni da zomaye fiye da goma a dare ɗaya. Ruwan Agusta ya sauka tun tsakar dare, ya cika ramukan, uwayen suka fito, 'ya'yan suka mutu a ciki. Ban da wannan, rami ba ka san abin da ke cikinsa ba. Maciji ya shiga ya kwanta, gafiya ta haƙo daga waje ta haɗe da nasu, wani ya mutu a ciki sai wari ya gaya maka. Kuma suna iya haƙawa su bi ta ƙarƙashin katanga su ɓulla gidan maƙwabci. Ita wannan baiwar Allah a cikin birni take, zomanya ɗaya gare ta, ta yaro. Ba za ta fasa simintin gida don rami ba.

Ɗan Maraɗi:
Baba, ruwa ya ci naka ne don ɗakin yana gangare. Nawa a tudu yake, kuma na zuba kankare a gindin bangon, zurfin kamu biyu. Shekara shida ban yi asara ta ruwa ba.

Malamin Dabbobi:
Ku duka biyun kuna kan hanya, kowa da abin da ya tsare. Wannan zomon da muke kiwo asalinsa daga yankin Sifaniya da Fotugal yake, kuma can a rami yake zaune, shi ya sa yake haihuwar 'ya'ya tsirara, ido a rufe. Ba iri ɗaya ba ne da zomon dajinmu da mafarauta ke kora, wanda ba ya gina rami, a ƙarƙashin ciyawa yake laɓewa, 'ya'yansa kuma da gashinsu da idonsu a buɗe ake haifar su. Suna ne kawai ya haɗa su a bakinmu. Saboda haka Ɗan Maraɗi ya yi daidai da ya ce zomo yana son wuri mai duhu da sanyi da zai shige. Inda nake tare da Baba shi ne tsafta. A ƙasa zomo yana taka kashinsa, yana cin abinci a kai, in damshi ya haɗu da wannan sai cutar zawon nan da ke kashe 'yan yaye ta samu gindin zama. Ko a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, a keji ake ajiye su saboda a iya lura da kowanne.

Abin da nake ba mutane shawara shi ne a haɗa biyun: keji a sama, a cikinsa kuma a sa akwatin katako mai ƙofa ƙarama wanda zai zame masa rami. Zomon da ba shi da maɓoya, ko muzuru bai taɓa shi ba, zagaya kejin kaɗai da yake yi cikin dare ya isa ya sa shi ya yi ta dukan waya har ya karya baya.

Ɗan Maraɗi:
Akwatin cikin keji kam ban taɓa gwadawa ba. Amma zafin kwanon fa, Malam?

Hajiya Mai Lambu:
Kwanon ai ba a barinsa tsirara. Ni zana na shimfiɗa a kan nawa, biyu ma, kuma kejin yana gindin mangwaro inda rana ba ta dukansa daga Azahar. Da bazara nakan jiƙa buhun algarara in rataya a gefen da iska ke shigowa, in sa musu fasasshen tulu da na jiƙa su kwanta a jikinsa. Ta kunne suke fitar da zafi, ba sa gumi irin namu. In kin ga zomo ya miƙe yana haki, hancinsa ya jiƙe, ki shafa masa ruwa a kunnuwa, kada ki tsoma shi cikin ruwa.

Mai Neman Iri:
Salam. Akwai mai sayar da manyan zomaye irin Chinchilla a Kaduna? A yi min magana ta akwatin saƙo.

Shugaban Zaure:
Malam, ranar Asabar ake tallace-tallace a nan. A bar baiwar Allah ta samu amsarta.

Maman Sadik:
Ina karantawa duka, Allah ya saka. Baba, in zan kira kafinta gobe me zan ce masa? Ina tsoron ya yi min irin na kaji.

Baba Mai Zomaye:
Yawwa, gara da kika tambaya, don in kika bar shi irin na kaji zai yi. Ki ce masa ƙafafun su kai ƙugun babban mutum daga ƙasa, yadda kare ba zai kai hanci ba, ke ma ba sai kin durƙusa ba. Tsawonsa kada ya gaza mita ɗaya da rabi tunda ta wasa ce ba ta kasuwa ba, tsayin ciki kuma yadda za ta miƙe a kan ƙafafun baya kunnenta bai taɓa rufi ba. Kada ya sa wayar kaji mai laushin nan, kare yana yaga ta, zomon ma yana tsinka ta da haƙori. Ya nemo raga mai kauri, mai ƙananan ido wanda ɗan yatsa kaɗai zai shiga. In idon ya yi faɗi, ɓera zai shiga, muzuru kuma zai zura hannu. Na taɓa ganin ɓera ya cinye yatsun 'yan jarirai ta ƙarƙashin raga.

Katakon ya kasance ta waje, ragar ta ciki, in ba haka ba za ta gwaigwaye shi. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, dole ta samu abin ci da su, sai ki riƙa jefa mata ɗan reshen mangwaro ko na gwaiba. A daɓen kuma a ɗora faffaɗan katako a gefe guda, don tsayuwa a kan waya dare da rana yana cinye musu tafin ƙafa. Ƙofa a sa mata sakata ta gaske da kwaɗo. Ƙusa da aka lanƙwasa ba makulli ba ce. Ban da dabba ma akwai mai ƙafa biyu.

Ɗan Jos:
Baba ya manta abu ɗaya: kwarkwasa. Mu nan da damina cikin dare suke zuwa rundunarsu guda, su hau ƙafar keji, kafin safe sun gama da jarirai. Kowace ƙafa ki tsoma ta a gwangwani, ki zuba baƙin mai a ciki. Kuma kada kejin ya jingina da bango ko reshe ya taɓa shi, in ba haka ba kin yi musu gada.

Sai maganar sanyi, tunda mu ne 'yan garin sanyi. Kuskuren da na ga mutane suna yi shi ne su naɗe kejin gaba ɗaya da leda ko tamfol saboda tausayi. Babban zomo yana jure sanyi fiye da yadda yake jure zafi, rigarsa a jikinsa take. Abin da ba ya so shi ne iska mai kaɗawa kai tsaye da kuma damshi. In kika rufe ko'ina, zaurin fitsarinsu zai taru a ciki, da safe ki ji suna atishawa, hanci yana zuba. Ki rufe gefen gabas da arewa inda iskar hunturu ke fitowa, da buhu ko tabarma, ki bar gefe ɗaya a buɗe. A cikin akwatin ki zuba busasshiyar ciyawa da yawa, ta shige ta yi ɗuminta.

Ummu Hanan:
To in a shigo da su ɗaki fa kowane dare? Ni haka nake yi, a kicin suke kwana.

Ɗan Jos:
In babu keji mai kyau, ya fi a bar su a waje nesa ba kusa ba. Amma kicin akwai hayaƙi da ragowar zafin murhu, ga wayar wuta in sun samu sai sun tsinka. Kuma kada a kunna maganin sauro ko a fesa na gwangwani inda suke. Janareto ma a nisanta shi da su, hayaƙin da ƙarar duka.

Malam Na Tsangaya:
Allah ya saka wa kowa. Ina so in tuna mana cewa wannan ba maganar dabara ba ce kaɗai, akwai haƙƙi a ciki. Hadisi ya tabbata a kan matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Duk wanda ya sa wa dabba sakata da dare, cinta da shanta da tsaronta sun koma wuyansa har ya buɗe. Maman Sadik, ki sa yaron ya riƙe wannan aiki da hannunsa, ke kina duba shi. Ya dawo daga masallaci da Magariba, ya zuba harawa, ya cika ruwa, ya ja sakata ya gwada ta.

Maman Sadik:
In sha Allahu Malam. Ta ci ganye sosai da daddaren nan, har na ga kashi a kwalin. Amma wani abu ya tayar min da hankali: na leƙa da tocila wajen ƙarfe biyar na asuba na ga ta sunkuya tana cin kashinta daga jikinta. Yunwa ce ta yi mata yawa haka, ko wata cuta ce?

Malamin Dabbobi:
Ko ɗaya, Hajiya. Wannan ma albishir ne, hanjin ya tashi. Zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai busasshen nan mai kama da ƙwallo da kike sharewa. Akwai kuma wani mai laushi, a cure kamar 'ya'yan inabi, wanda yakan fito galibi cikin dare ko da sassafe, shi kuma ya karɓe shi da baki tun bai faɗi ƙasa ba. Abinci ne da ya riga ya dahu a cikin hanji, akwai sinadaran gina jiki da bitamin a ciki, sai ya sake bi ta ciki karo na biyu jiki ya amfana. Ranar da kika fara ganin irin mai laushin nan a zube ko ya manne mata a gindi, to dusa ko abincin buhu ya yi yawa, harawa ta yi kaɗan.

Sai wata tambaya da ya kamata mu yi tun farko. Kin ce wata uku suna tare da namijin. Manya ne aka kawo su ko ƙanana?

Maman Sadik:
Da ɗan girmansu, amma a nan suka ƙarasa. Me ka gani Malam?

Malamin Dabbobi:
To ki ɗauka tana da ciki har sai kin tabbatar babu. Cikin zomanya kwana 31 ne, ko ya ragu ko ya ƙaru da kwana ɗaya zuwa biyu. Ki gaya wa kafinta akwatin ya yi faɗin da za ta juya a ciki, ya kuma yi masa ɗan dogon baki yadda jarirai ba za su gangaro waje ba. In kin ga tana kwasar ciyawa a baki tana kaiwa ciki, ko tana tsige gashin ƙirjinta, haihuwa ta zo. Kada ruwa ya yanke mata a kwanakin nan. Kuma a daina ɗaga ta da kunne, da ciki ko babu ciki. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi.

Baba Mai Zomaye:
In kuma za ki kawo mata abokin zama nan gaba, kada ki haɗa su ranar da ya zo. Ki ware shi sati biyu ki ga lafiyarsa, ki duba cikin kunnuwa da hanci ko akwai ƙazuwa. Tun da cutar nan mai zubar da jini ta ɓulla a gonakin zomaye a Najeriya a 2020 na daina sakaci da baƙon zomo. Maza biyu kuma ba sa zama keji ɗaya in sun balaga, yaga juna suke yi.

Maman Sadik:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana goma sha tara. An yi kejin yadda Baba ya faɗa, ƙafafu a cikin gwangwani, zana a sama. Muzurun ya dawo kuwa, dare uku ina jin motsinsa a kan zanar, ya gaji ya daina. Shekaranjiya kuma muka wayi gari ta tsige gashinta ta cika akwatin, Sadik ya leƙa ya ƙirga biyar. Amma ina cikin damuwa. Yini guda ban ga ta shiga wurinsu ba ko sau ɗaya. Tana can gefe tana cin harawarta kamar ba ita ta haife su ba. In ɗura musu madara ne?

Hajiya Mai Lambu:
Barka da arziki! Kada ki ba su komai. Haka suke, sau ɗaya take shayarwa a yini, wani lokaci biyu, minti kaɗan ta fito, kuma yawanci cikin dare ne lokacin da gida ya yi tsit. Nononta yana da kauri, yana riƙe su. Da safe ki wanke hannu, ki ɗaga gashin a hankali ki duba. In cikinsu ya yi tulu-tulu, jikinsu da ɗumi, suna cure wuri ɗaya, ta ba su. In kin ga fata ta yamutse, ciki ya lotsa, to sai ki dawo mu san abin yi. Wanda ya faɗo waje ki mayar da shi da hannunki, don ita ba ta ɗaukar ɗa a baki kamar kyanwa, kuma a sanyin nan ba ya kai safe. Ki ƙara mata dusa da ganye yanzu, ruwa kuma kasko biyu. Wajen kwana goma za su buɗe ido.

Ɗan Maraɗi:
Ma sha Allah. Ki hana yaron haska su da tocila cikin dare, in ta firgita tana iya tattake su. Baba, ka turo min awon akwatin nan, ina so in gwada ma uwa ɗaya kafin bazara.

Maman Sadik:
Na duba yanzu. Dukkansu biyar cikinsu a cike, har ɗaya yana motsa ƙafa da na taɓa shi. Sadik ya tafi bakin kasuwa sayo harawa, ya ce wadda ta rage ba za ta kai ta asuba ba.